Rigar da Iska Ke Ɗinkawa

A Vigo ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ka ji shi a wuyan riga.
Shagonmu na kallon teku.
Ƙofarsa ta baƙin ƙarfe ce, ta yi jawur,
duk shekara tana zubar da ɓawo,
amma bututun da ke jingine a ciki
fari fes, ko ɗigo babu.

Ina 'yar shekara tara
babana Amaro ya ba ni maganaɗisu.
Na kai shi jikin ƙofa, ya cafke.
Na kai shi jikin bututu, ya sulale ƙasa
kamar an yi masa rowar gaisuwa.
Ya ce, Sabela, kar a ruɗe ki da suna.
Wai marar tsatsa. Ƙarya ne.
Ya riga kowa yin tata ne kawai.
Kuromiyam da ke cikinsa, kashi sha takwas cikin ɗari,
shi ke tarar iska tun a bakin ƙofa,
su ɗinka riga wadda ido bai gani,
ta fi numfashi a kan madubi sirantaka.
Ya ɗauki ƙusa ya karce shi.
Ya ce, kafin ki ƙifta ta soma rufewa.
Ba mai, ba fenti. Iska ce telansa.

Ya hana ni abu biyu.
Kar buroshin da ya goge baƙin ƙarfe ya taɓa shi,
don zama da maɗaukin kanwa
ko ƙarfe bai tsira ba.
Kar kuma in sayar wa masunci na ɗakin girki.
Cokali daban, teku daban.
Na teku sai da ɗan molibdinam,
gishiri ba ya wasa da kowa.

Bara, cikin hunturu,
Senén mai jirgin sadin ya shigo yana huci,
da makarin jirginsa a kafaɗa.
Shekara huɗu da na yi masa waldarsa.
Don tsananin so ya naɗe shi da roba,
ya bi da igiya, ya ɗaure tamau,
kar ruwa ya taɓa, kar hannu ya dusashe shi.
Na sa wuƙa na farke.
Inda ya bari a buɗe, yana shan duka,
ina ganin fuskata a ciki.
Inda ya lulluɓe,
ƙananan ramuka kamar bakin allura,
na danna ɗaya da tsinke, ya burma.
Ruwan gishiri ya sami maɓoya ya kwanta,
iska ta zo ta tarar da ƙofa a kulle,
riga ta yage, ba mai ɗinki.
Ciki ya cinye kamar aikin gara.

Senén ya ce, to ni da na kare shi?
Na ce, ai kariyar ce.

Na rufe shago tun kafin duhu.
Na hau tudu zuwa gidan babana.
Shekara shida ke nan da teku ta riƙe Brais,
ƙanena, ba ta ko maido takalmi ba,
kuma tun ranar ba a ambaci sunansa a gidan nan ba.
Tsoho na zaune, an yi aski, riga a goge,
kowa a unguwa na cewa, kai, Amaro ƙarfe ne.

Tagogi duk a rufe.
Na buɗe ta farko, ta yi ƙara.
Iskar teku ta shigo da warin kifi da dizal.
Ya ɗago kai zai yi faɗa.
Na jawo kujera, hannuna duk baƙin walda,
na ce, Baba, wane ne ya koya wa Brais iyo,
kai ko Inna?

Ya daɗe yana kallon cokalin da ke hannunsa.